Ɗinkin bargo irin na Hawai: ta ina iyali za su fara?

Wata baiwar Allah ta yi tambaya cewa ita da 'ya'yanta mata biyu da kakarsu suna son su riƙa ɗinkin bargo tare a lokacin hutu. Sun ga hotunan bargunan tsibirin Hawai masu kala biyu, sun ba su sha'awa. Tana son sanin yadda ake yinsu, ko ya fi su sayi haɗaɗɗen kaya da ake sayarwa a ƙunshe, da kuma abin da ake dubawa idan wata rana suka so kai aikinsu wurin baje koli.

Malama, shawarata ta farko ita ce kada ku fara da bargon gado. Ku fara da rigar matashi mai faɗin inci 22 kowane gefe, wato kusan santimita 56. Wannan shi ne girman da masu koyarwa a Hawai suka saba ɗora sabon ɗalibi a kai, domin duk abin da ke cikin babban bargo yana cikinsa: ninki, yanka, ɗinkin riƙo, kalmasa da tsirawa. Bargon gado na hannu yana cin watanni da yawa, wani ya haura shekara, kuma kuskuren da aka yi ranar yanka zai bi ku har ranar gamawa. Yawancin aikin da ya lalace ba a wurin allura ya lalace ba, tun a wurin ninki da almakashi ne.

Bargon da ake magana hawa uku ne: fuska a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sai a bi da ƙananan ɗinki a tsira dukkansu su zama abu ɗaya. Wanda ya taɓa duba lifidin doki da kyau a hawan sallah ya san wannan dabarar, domin shi ma ƙyalle ne da auduga da aka tsittsira. Na Hawai ya bambanta da sauran bargunan Amurka ta wajen fuskar. A can babban yankin Amurka an fi sanin haɗa gutsattsarin ƙyallaye. A Hawai kuwa ƙyalle ɗaya ake ninkewa gida takwas, a yanke shi a tashi ɗaya, a buɗe ya fito da zanen ganye ko fure mai daidaiton kowane ɓangare, a shimfiɗa shi a kan wani ƙyallen mai wata kala, a kalmashe bakinsa da hannu.

Asalin abin yana da amfani ku sani, saboda shi ne ya haifar da ladubban da zan ambata. Kafin zuwan yadi, mutanen Hawai suna da mayafin kwanciya da suke kira kapa moe, wanda ake yi da ɓawon itace da aka daddaka ya yi laushi, a jera shi hawa-hawa, a yi wa na sama ado. A 1820 matan 'yan mishan daga arewa maso gabashin Amurka suka iso a jirgin ruwa mai suna Thaddeus, suka fara nuna wa matan gidan sarauta ɗinkin haɗa ƙyallaye. Cikin shekarun da suka biyo baya matan tsibirin suka karkata abin zuwa nasu salon, kuma a tsofaffin barguna an fi ganin ja a kan fari. Bayan an hamɓarar da sarautar Hawai a 1893, aka kuma haɗe tsibiran da Amurka a 1898, barguna masu ɗauke da tutar ƙasar da tambarin sarauta sun ƙara daraja a gidaje, domin hanya ce ta nuna biyayya ga ƙasar da aka rasa. Sarauniya Liliuokalani da kanta, lokacin da aka tsare ta a fadar Iolani a 1895, ta fara wani bargo na gutsattsarin ƙyallaye wanda har yau yana fadar a Honolulu.

Saboda haka masu wannan sana'a ba sa ɗaukar zanen bargo a matsayin kayan kowa. Zane na mai shi ne, sau da yawa yana da suna da dalilin yinsa, kuma kwafar zanen wani gida ba da izini ba abin kunya ne a wurinsu. Ku nemi zanen da mai shi ya sayar ko ya bayar domin koyo, ko ku zana naku. A al'adarsu ba a zama a kan bargon, ana yaye shi ne kafin a hau gado. Ba su saba sa siffar mutum ko dabba ba, tsirrai suka fi yawa. Kuma ɗalibi yakan fara da zanen ulu, wata bishiya mai manyan ganye da 'ya'ya da ake dafawa a ci, suna ɗaukar hakan alamar yalwa. Ko ba don al'adar ba, ulu ya dace da mai koyo: ganyensa faffaɗa ne, lanƙwasarsa a buɗe take, ba shi da siraran rassa masu wahalar kalmasa.

Ga kayan da rigar matashi ɗaya za ta ci. Ƙyallen ƙasa santimita 56 murabba'i, ƙyallen zane mai irin wannan girman, auduga da shafi kowanne kamar santimita 66, wato su zarce fuskar da santimita 5 ta kowane gefe, domin tsirawa tana janye aiki ciki. Yadin ya zama auduga zalla, marar zane, mai matsakaicin kauri da matsattsen saƙa. Mai haɗin roba ba ya riƙe kalmasa, kina lanƙwasa shi da allura yana miƙewa. Mai sakwarkwatacciyar saƙa kuma bakinsa zai riƙa zarewa tun kafin ki kai gare shi. Atamfa ba ta dace da wannan salon ba, ba don rashin kyau ba, sai don zanenta yana haɗiye siffar ganyen, alhali ƙarfin bargon Hawai yana cikin yadda kala ɗaya ta fita sarai a kan ɗaya. Allurar kalmasa siririya ce doguwa, lamba 10 ko 11. Ta tsirawa gajeriya ce mai ƙarfi, lamba 8 ga mai koyo. Sai zaren kalmasa mai kalar ƙyallen zane, ba ta ƙasa ba, da zaren tsirawa wanda ya ɗan fi kauri, da hular yatsa ta ƙarfe, da kawanyar katako mai faɗin inci 14, da almakashi mai kaifi har bakinsa wanda ba a yanka takarda da shi.

A wanke yadin duka kafin a taɓa shi da almakashi. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma in ƙyallen sama da na ƙasa ba su tsuke daidai ba aikin zai tattare. Ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba. Ki yanki ɗan ƙyalle ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu tare da gutsuren fari na rabin awa, ki bar su su bushe a manne. In farin ya ɗauki kala, a ƙara wankewa. In an yi wanki uku bai daina ba, a sauya yadi. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin zamani a jikin auduga.

Yanzu ninki, inda nake so ku fi natsuwa. A goge ƙyallen zane, a ninka shi biyu, a goge. A sake ninkawa biyu ta ɗaya gefen, a goge, ya zama ƙaramin murabba'i mai hawa huɗu. Ki nemi kusurwar da ba ta da ɗanyen baki ko kaɗan, ita ce cibiyar ƙyallen. Ninki na uku daga wannan kusurwar zai tashi zuwa kishiyarta, ta yadda gefunan nan biyu masu ninki za su hau kan juna. Abin da zai fito kusurwa uku ne mai hawa takwas: gefe mafi tsawo shi ne ninkin kaikaice, gefe ɗaya ninki ne a miƙe, na ukun kuma ɗanyen baki ne zalla. Takardar zanen ita ma tana da gefen kaikaice da gefen miƙe da tsinin cibiya, kowanne sai ya hau kan nasa. In aka yi ninki na uku ta ɗaya kusurwar, ko aka kifa takardar, da an buɗe za a ga zanen ya rabu gida-gida, kuma ba shi da gyara. Don haka a fara gwadawa da tsohuwar jarida. Wannan aikin yara ne, kuma suna jin daɗinsa.

Bayan an zana da alli, a kafe hawa takwas ɗin da fil masu yawa a cikin zanen, ko ma a bi su da manyan ɗinki, saboda hawan ciki suna zamewa a ƙarƙashin almakashi, sai ganye ɗaya ya fito da ƙiba ɗaya a rame. A riƙe almakashi a tsaye, kada ya kwanta, a riƙa juya ƙyallen maimakon juya hannu. Inda zanen ya taɓa ninki ba a yankawa, nan ne mahaɗarsa. Babba ɗaya ne zai yi wannan yankan daga farko zuwa ƙarshe.

Ƙyallen ƙasa shi ma a ninka shi gida takwas a goge, domin sawun ninkin shi ne ma'aunin da za ki bi. A shimfiɗa shi a tebur, a ɗora yankakken zanen tun yana ninke, cibiya a kan cibiya, a riƙa buɗe shi ninki ɗaya bayan ɗaya, sawu yana hawa kan sawu. Kada a ɗaga shi a kakkaɓe, kada a ja rassan, domin duk inda aka yanka a kaikaice yana miƙewa, kuma ganyen da aka ja ya miƙe zai kumburo daga baya. A lallaɓa shi da tafin hannu, a sa fil daga tsakiya zuwa waje, sannan a yi ɗinkin riƙo, manyan ɗinki da farin zare, kamar santimita 1 daga bakin zanen, a bi kowane lungu. Jan zare ko baƙi yana iya barin kala a fari. Wannan matakin yana gundurar mutane har su taƙaita shi, kuma shi ne dalilin da ya sa zane yake karkacewa bayan mako biyu ana jujjuya aikin a cinya.

Kalmasar da bakin allura ake yinta. Ki tura bakin ƙyallen ciki kamar milimita 3 zuwa 4, tsawon santimita 2 kacal a gabanki, ki danne da babban yatsa, ki fito da allura daga ƙasa ta cikin bakin ninkin, ki mayar da ita cikin ƙyallen ƙasa daidai inda ta fito, ki matsa gaba milimita 2. Zaren kada ya wuce santimita 45, dogo yana sarƙewa kuma yana sillewa tun kafin ya ƙare. A fara daga tsakiya a nufi waje. Wurare biyu ne ke ba da wahala. Tsinin ganye: ki ɗinka har tsinin, ki ƙara ɗinki ɗaya ki kafe shi, sannan ki share ragowar ƙyallen ciki da allura sau biyu, ki ɗan ja zaren tsinin ya fito. Kwarin da ke tsakanin ganye biyu: a nan ƙyallen da za a kalmashe kaɗan ne, sai a share shi ciki da gefen allura a yi ɗinki uku ko huɗu a matse, su ɗan shiga ciki fiye da sauran. In za a tsaga kwarin da almakashi, sai an iso wurin, kuma tsagar kada ta kai layin ninki. Wanda ya tsattsaga kwaruruka duka tun farko zai tarar sun zare kafin ya iso su. In kika ga ƙyallen ƙasa yana tattarewa a gefen zanen, ana jan zare da ƙarfi ne.

An gama kalmasa, a zare ɗinkin riƙo, a kifa fuskar a kan tawul a goge ta baya. A shimfiɗa shafi a ƙasa a manne gefunansa, a miƙe amma ba a ɗame ba, domin shafin da aka ɗame zai koma yadda yake ya tattaro fuskar. A ɗora auduga, a ɗora fuska, a yi wani ɗinkin riƙon daga tsakiya zuwa waje, layi-layi, tazarar santimita 8 zuwa 10. Audugar roba mai ɗan tudu ta fi fito da layukan tsirawa, kuma allura ta fi shiga cikinta, amma mai araha tana fitar da gashi ta cikin yadi mai duhu. Ta asali ta fi kwanciya, tana ɗan tsukewa a wanki. In babu ko ɗaya a kasuwarku, siririn bargo mai laushi da aka riga aka wanke zai yi. Soso ba zai yi ba.

Tsirawar ita ce alamar bargon Hawai ta biyu. Layin farko yana bin gefen zanen daf da shi a kan ƙyallen ƙasa. Na biyu ya bi na farko da tazarar rabin inci, kamar faɗin yatsa, na uku ya bi na biyu, haka har bakin bargo, kamar yadda ruwa ke yin zobe-zobe in an jefa tsakuwa a tafki. A cikin zanen kuwa ana iya bin jijiyoyin ganye. Aikin kada ya ɗame a kawanya, ya zama in kin danna tsakiyarsa da hannu zai ɗan lotsa, in ba haka ba allura ba za ta iya lilo sama da ƙasa ba. Hular ƙarfe a yatsan tsakiya tana tura allura, yatsan ɗaya hannun yana ƙasa yana jin bakinta yana mayar da ita sama. Mai koyo ya nemi ɗinki 6 a inci ɗaya. Gwanaye suna kai 10 zuwa 12, amma daidaito ya fi ƙanƙanta muhimmanci, kuma ƙanƙantar tana zuwa da kanta. Ƙulli ba ya zama a waje: a soka allura nesa kaɗan, a fizgi zaren har ƙullin ya shige cikin auduga. A riƙa leƙa baya, domin sau da yawa gaba yana kyau alhali allura ba ta kama shafin ba. Ki cire aikin daga kawanya duk lokacin da aka tashi. In kun yi alama da alƙalamin da ruwa ke gogewa, kada dutsen guga ya taɓa shi kafin a wanke, zafi yana kafe shi.

Game da rabon aiki a gida, gaskiyar magana hannu yana nunawa a kalmasa da tsirawa. Ɗinkin kaka da na yarinya 'yar shekara 10 ba za su zo ɗaya ba, kuma a zane mai daidaiton ɓangarori takwas bambancin yana fitowa fili. Abin da ya fi shi ne kowa ya ɗauki murabba'insa na santimita 56, kala ɗaya, zane daban-daban, daga baya a haɗa huɗu ko shida su zama bargon bango ko na jariri. Ƙananan yara a ba su gwajin jarida, zaɓen kala, zura zare a allura da zare ɗinkin riƙo. Wadda hannunta bai kai kalmasa ba tukuna ta fara da haɗa murabba'ai: ana sayar da ƙunshin yankakkun ƙyallaye masu inci 5, yawanci guda 42, in aka jera su 6 a 7 da bakin ɗinki na kwatan inci za su ba da inci 27 a 31 da rabi. A nan ne za ta koyi darajar ma'auni, domin in bakin ɗinkinta ya zarce da milimita 2, kowace mahaɗa ta ci milimita 4, layi mai mahaɗa shida ya gajarce da fiye da santimita 2, ba zai haɗu da maƙwabcinsa ba.

Haɗaɗɗen kaya na saye yana da amfani a aikin farko, musamman irin wanda aka riga aka yanke zanen aka yi masa ɗinkin riƙo, domin yana tsallakar da ku wurin da aka fi faɗuwa. Amma iri-iri ne, wani takardar zane ce da yadi kawai, wani babu auduga da shafi a ciki, don haka a karanta abin da ke ciki kafin a biya. Wanda aka riga aka yanke ba ya wankuwa kafin ɗinki, zai zare, ke nan ba ku da damar gwada zubarsa sai da ɗan gutsure in an sako. Kuma yadin a ƙididdige yake, in aka ɓata babu ƙari. Ni ina ganin ɗaya ya isa. Na biyu ku ninke ku yanka da kanku, in ba haka ba rabin sana'ar bai shigo gidan ba.

Baje kolin barguna babban al'amari ne a ƙasashen da abin ya kafu. Na Houston a jihar Texas ya faro a 1974, ana yinsa kowace kaka. Na Paducah a jihar Kentucky ya faro a 1985, kuma garin yana da gidan tarihin barguna da aka buɗe a 1991. A Ingila akwai na Birmingham da ake yi wajen watan Yuli ko Agusta, wanda yake da rukunin aikin mutum biyu, da na ƙungiya, da na yara, abin da ya dace da irin gidanku. Manyan gasa sukan fara tacewa ta hoto, na bargon gaba ɗaya da na kusa da ke nuna ɗinki. Da yawansu ba sa karɓar aikin da aka yi da yankakken kayan saye, ko su ware masa rukuni, kuma dole a rubuta sunan mai zanen da na duk wanda ya sa hannu.

Alƙalai suna duba ko bargon ya sauka a miƙe in an rataye shi, ko tsinin ganyaye ya fita, ko kwaruruka ba su zare ba, ko tazarar layuka ɗaya ce, ko an bar alamar alli ko ƙulli, kuma suna juya shi su duba baya. Sai baki, wanda mutane ke yi a gurguje saboda gajiya. Ana yanka tsiri mai faɗin santimita 6, a ninka biyu, a ɗinka ta gaba da bakin milimita 6, a juya baya a kalmashe da hannu, auduga ta cika shi har ƙarshe, kusurwoyi su karye a tsaf. Murabba'in santimita 56 zai ci tsiri kamar santimita 250. Bargon da za a rataye yana buƙatar aljihun sanda a bayansa ta sama, mai faɗin inci 4, wanda ake yi masa ɗan sassauci don kada sandar ta turo fuskar, kuma ɗinkinsa ya tsaya a shafi da auduga kada ya ɓullo gaba. A kusurwar ƙasa ta baya a ɗinka ɗan ƙyalle mai ɗauke da sunan bargon, sunayen masu aikin, gari da shekara. In za a aika shi, a naɗe shi a kan bututun kwali fuskar tana waje, ko a ninke shi sako-sako da farar takarda a cikin ninkin, kuma kada ya daɗe a leda domin danshi yana sa shi fumfuna.